Igiyar Ƙugu

A Tongatapu, wanda bai cika kujera ba
ba a jin maganarsa a taro.
Haka muka taso muka tarar.
Ni kuwa Sitaleki, direban bas ɗin Nuku'alofa,
na cika tawa har na ari gefen ta fasinja.

Ran Lahadi, in an taso daga coci,
sai mu tone ramin gashi,
tururi ya tashi daga ganyen ayaba:
alade, gwaza, doya a madarar kwakwa,
naman gwangwani naɗe a ganye.
Sauran kwanaki, kitsen awazun tunkiya
da jirgin ruwa ke sauke mana a daskare,
abin da masu tumakin suka ƙi ci.
Ban taɓa tsame hannu don na ƙoshi ba,
sai don kwano ya nuna gindinsa.

Yayana Malakai ya fi ni loma, ya fi ni dariya.
Ciwon suga ya fara roƙonsa yatsa guda,
ya dawo ya karɓi ƙafa,
ya dawo har gwiwa,
karo na huɗu bai yi sallama ba.

Ranar binne shi na ɗauko tabarmar makoki,
wadda muke ɗaurawa a ƙugu,
da igiyar zaren kwakwa
da mahaifiyarmu ta tufka tun tana gani.
Na ja, na riƙe numfashi, na sake ja,
bakin igiya ya ƙi gaisawa da ɗan'uwansa.
Matata Lupe ta yanko igiyar shanya
ta ƙulla daga baya, inda ido ba ya kaiwa.
Ba ta ce uffan ba.
Yatsunta kawai na ji suna rawa a gadon bayana.

A asibiti allurar sikeli ta wuce ɗari da arba'in
tana neman wurin zama.
Anaseini, ma'aikaciyar jinya, ta ce in cire takalmi,
ta soka mini tsinke a babban yatsa.
“Ka ji?”
Na ce na ji. Ƙarya na yi.

Daga nan na karɓe farantin jikata,
ƙarami, mai zanen kifi a tsakiya.
In kifin ya leƙo, an gama.
Makon farko na zagi kifin nan da sunan ubansa.
Ƙarfe biyun dare firji na kirana
da muryar tsohon aboki,
in tsaya gabansa, hasken yana dukan tumbina,
in sha ruwa, in koma in kwanta da fushi.

Mai wuyar ba yunwa ba ce.
Gwaggo Meleane ce, da ta miƙo mini ƙari
na ce alhamdu, ya isa,
ta dube ni kamar na tofa mata yawu a kwano.
Wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

A bikin Kirsimeti na faɗi warwas,
na ci har sai da aka kwance mini maɓalli.
Da asuba na fita bakin teku, kunya na gaba ina biye,
na taka daga tashar jirgi zuwa kasuwar kifi,
gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofar bas.
Gobe ma na je. Jibi ruwa ya hana ni. Gata na je.

Bana aka yi wani rashin a ƙauyenmu.
Lupe ta kwance ƙullin igiyar shanya,
ta zagayo ni da ta mahaifiyata kaɗai.
Ta kai. Har da rarar taƙi guda
tana lilo a cinyata.

Har yanzu ni ba siriri ba ne,
kuma ƙamshin ramin gashi bai daina sanin sunana ba.
Amma jiya a bakin ruwa ƙaya ta soke ni a yatsa,
na yi ƙara, na zauna a kan yashi,
ina ta dariya irin ta Malakai.