Tsohon Cikin Kwamfuta

Ta gwanjo na sayo a Titin Beirut,
murfinta da tabo, maɓalli ɗaya ya fita.
Yaron shago ya ce, "Akwai wata manhaja ciki,
ta wani tsoho ɗan Italiya,
mai zane, mai ƙere-ƙere. A share?"
Na ce a bari. Kyauta ba ta kaɗan.

Bayan isha na kunna a tsakar gida.
Fuska ta fito, gemu har ƙirji,
kallo irin na mai bin bashi.
Na danna, ga gada.
Na danna, ga injin ɗaga ruwa,
ga haƙoran ƙarfe suna cizon juna,
in ka taɓa sai su juya.

Baba na kan tabarma, tocila a baki,
yana tonon cikin keken ɗinki
da wani tela a Ƙofar Wambai
yake jira tun Talata.
Shekara arba'in yana wannan aiki,
bai taɓa yi wa kwamfuta kallo biyu ba.

"Barira, mene ne ke juyawa haka?"
"Inji ne, Baba, amma na zane."
"Inji ba ya zama na zane. Kawo nan."

Ya goge baƙin mai a gefen riga.
Ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ɗora farce a kan gilashi:
"Wannan haƙori ya yi tsawo,
zai cinye ɗan'uwansa kafin wata uku."
Ya sake dubawa, ya gyaɗa kai.
"Amma mutumin ya san hannunsa."

Rubutun gefe ya hana shi sakat.
Na ce manhaja ta ce daga dama ake faro shi.
"Daga dama?" Sai dariya.
"To ai namu ne. A gaban wa ya yi karatu?"

Muka kai shafin tsuntsaye.
Fiffike na itace da tsumma da igiya,
da mutum rataye a ƙasa kamar shanya.
Nan dariyar ta tsaya.

Ya ce yana yaro, a bayan mahauta,
yakan kwanta rigingine yana kallon shirwa,
yadda take juya jiki da jela kawai,
ba ta roƙon iska, ba ta faɗa da ita.
Ya haɗa kara da takardar buhun siminti,
ya hau katangar maƙwabta.
Ya janye wando ya nuna min gwiwa.
Wannan tabon da na sani tun ina goye,
ashe ba na faɗuwar keke ba ne.
"Ko uwarki ba ta sani ba."

Tun magariba aka ɗauke wuta.
Batir ya yi kuka sau biyu,
tsohon ya lumshe, gilashi ya yi baƙi.

Baba bai ce kash ba.
Ya laluba akwatin aiki, ya ciro allin tela,
ya miƙo min tocila.
"Haska nan. Shi ma a jela ya yi kuskure."

Da safe Inna ta yi shara,
ta kewaye fiffiken da ke kan siminti,
ba ta tambayi kowa ba.
Tela ya yi sallama da hantsi.
Kekensa na nan, ciki a buɗe.