Matakala Ɗari da Arba'in da Uku

Gidana yana kan tudu a Valparaíso,
inda gidaje ke maƙale da dutse kamar ƙwarya a ragaya.
Daga bakin teku zuwa ƙofata
matakala ɗari da arba'in da uku ne.
Shekara ashirin ban san adadinsu ba.
Keken tudu nake shiga, in biya, waya ta ja ni sama
ina haki kamar ni na ja shi.

Ran da likita Maturana ta tura tabarau goshi
ta ce, "Rosaura, sukari ya yi miki sallama,
gwiwa kuma ta shigar da ƙara,"
na fito ban ce uffan ba,
na sayi burodi biyu masu zafi, na cinye a tsaye.
Amsata ta farko ke nan.

Ta biyun sai da asuba ta zo.
Goma sha tara na taka, na zube,
zuciya na dukan uku-uku.
Tsoho Efraín mai ɗinkin raga ya leƙo ta taga,
ya ce, "Gobe ashirin," ya ja labule.
Wa ya tambaye shi?
Mako biyu ina gaba da mutumin nan,
shi ko yana rubuta lambata da alli a bango.

An ce sannu ba ta hana zuwa.
Ba a faɗi yadda take cin rai ba.

Na rabu da kasko, na ƙulla da kabewa,
da kifin da bai taɓa ganin mai ba.
Siket ya fara sakin ƙugu. Na yi murna.
Sai Yuli ya sauko da ruwa da sanyin teku,
sikeli ya kafe kamar jaki a bakin gada,
wata uku cur, allurarsa ko gezau.
Na hau shi a jiƙe, na hau shi a bushe,
na cire har 'yan kunne.
Daga nan na ce a kai kasuwa.
Kwana tara ina shiga keken tudu, kai a sunkuye,
ruwa ya wanke allin Efraín tas.

Daren na goma keken ya lalace.
Jikata Amparo ta yi barci a kafaɗata,
takalminta ɗaya a aljihuna.
Na dubi sama, fitilu sun jeru har can.
Na taka. Na taka.
A ta sittin bayana ya fara magana,
a ta ɗari na ce, kai, yarinyar nan da nauyi take!
Kilo goma sha huɗu, in ji asibiti ran Talata.

Sai na tsaya cak.
Goma sha huɗu.
Daidai abin da na sauke tun bara.
Ashe wannan na yi ta dako, dare da rana,
ba ya numfashi a wuyana, ba ya ce mini kaka.

Na kai ta gado ban tashe ta ba.
Saura kilo goma sha ɗaya, sikelin bai sauya hali ba,
ƙamshin burodi har yau yana kiran sunana.
Da safe na tarar da guntun alli a bakin taga.
Efraín bai leƙo ba.
Ni na rubuta da hannuna.