Kilisa

Ran da Tanimu ya jawo shi gidana a Unguwar Rimi
sai da muka ƙara wa ƙofa sakata.
Bikili ne, ɗan shekara tara,
jijiyar ƙafar hagu ta kumbura kamar rogo.
A filin sukuwa Tartsatsi suke ce masa.
Mai shi ya ce mini ya ci kofi huɗu,
bai gaya mini bai iya tsayuwa ba.

Kafin in sa ƙafa a likkafa ya riga ya tafi,
don can yana tafe ake cilla masa yaro a baya,
yaro mara nauyi kamar buhun ƙaiƙayi.
Ni kuwa ga tumbi, ga gwiwa mai ƙara,
ga takardar likita da ta raba ni da tuƙin tanka
bayan shekara talatin a hanyar Fatakwal.

Wata guda ban hau shi ba.
Na rage masa dawa, na ƙara harawa,
ina shafa masa man shanu da kanwa a ƙafa,
in riƙe ragama mu zaga bayan gida
kamar masu jinya a barandar asibiti.
Dama kawai ya san juyawa.
In na karkata shi hagu
sai ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

Ranar wata Asabar muka gangara bakin kogi.
Yara na buga ƙwallo a fako,
wani ya busa usur.
Wallahi ban san sanda Kabala ta wuce ni ba.
Na ja linzami da duk ƙarfina,
ina ja yana ƙara wuta,
har ya zubar da ni a lambun wani mai latas.
Na biya kuɗin kwami uku, na dawo gida da ɗingishi.

Tanimu ya yi dariya har da riƙe ciki.
Ya ce, Baba Ɗanlami, ai su ja shi ne umarnin gudu,
kai ka ce masa ya tafi.
In kana so ya tsaya, sake shi.

Na kwana ina juya maganar.
Wanda ya shekara talatin hannunsa a sitiyari
a ce masa ya buɗe tafi.

Sai muka soma daga farko, ni da shi.
Na sayi usur na naira ɗari biyu,
in busa a bakin turke, in miƙa masa dusa.
Ranar farko ya tsinke igiya.
Ranar tara ya yi rawar jiki, ya tsaya.
Ban ƙirga ba daga nan.

Jiya da la'asar jikata Tasalla ta hau gabana.
Muka bi ta bayan Gamji, jemagu na shirin tashi,
linzami a sake, yana lilo kamar igiyar shanya.
Yaran na nan, usur ɗin ma na nan.
Na ji bayansa ya ɗaure a ƙarƙashina,
kunnuwa biyu suka miƙe.
Na saki numfashi, ban taɓa komai ba.

Ya daɗe yana kallon filin.
Sannan ya sunkuya ya tsinki ciyawa,
Tasalla tana dukan wuyansa da ɗan tafinta
tana cewa, Kaka, wannan dokin ragon ne,
ce masa ya yi sauri.