Gardamar Shagon Mansir

Bayan la'asar, a Ƙofar Ƙaura,
inda janareton Mansir ke tari kamar tsohon ɗan dako,
nan muke haɗuwa, mu huɗu,
mu biyar in Tukur ya wanke hannu daga baƙin mai.
Wayoyi talatin suna shan caji a kan allo,
kowace da lambarta a jikin salatif,
mu kuma muna shan gardama, ba ko sisi.

Rufa'i ne mai kunna wuta.
"Kashi na uku ɓata data ne," in ji shi,
"sun ɗauki yarinyar da ke sayar da ruwan sama a kwalba
sun mai da ta mai kuka.
Fita goma sha biyu, ba ta zare takobi ba!"

Nasiba ba ta shigowa ciki.
A bakin ƙofa take tsayawa, jiran a tura mata sabo,
jakar islamiyya a kafaɗa.
"Kai takobi kake kallo," ta ce,
"mi ka gani ran da ta buɗe kwalbar ƙarshe
a kan gonar wanda ya kashe mata uba?"
Shagon ya yi tsit.
Har fanka ta rage gudu.

Tukur ya fi son na fassara,
wanda wani ɗan Kano ya ɗora wa murya,
jarumi ya faɗo daga gajimare yana cewa wayyo Allah.
Ni na fi son in bi rubutun ƙasan allo
ina jin harshen da ban sani ba
yana zuba kamar gero a ƙwarya.
Mun yi wata biyu a kan wannan.
Ba wanda ya ja baya ko taƙi.

Sai wasan.
Tsohuwar na'ura ce, 'yar gwanjo,
hannunta ɗaya ɗaure da robar ƙanzo,
maɓallin tsalle sai an lallashe shi.
A ciki akwai mai fito, kogi, da dodon bene na tara
wanda ya kashe mu sau ɗari da wani abu.
Rufa'i ya ce waɗanda suka ƙera shi mugaye ne.
Nasiba ta ce masu haƙuri ne,
sun san wanda bai faɗi ba bai san ƙasa ba.
Mansir ya ce ko mugaye ko waliyyai,
awa ɗaya naira ɗari biyu.

Daren Alhamis Rufa'i ya kai shi gargara.
Jinin dodo saura kamar zaren lilo.
Muka miƙe tsaye, mai shayi ya bar tukunya.
Nan janareto ya yi tarin ƙarshe.
Duhu.
Daga nesa, ladanin unguwa ya gyara murya.

Da Asabar ya hau mota zuwa Fatakwal,
wai kawunsa ya samo masa aikin walda.

Har yau ajiyarsa na nan a na'ura,
layi na biyu, sunansa da kuskuren harafi ɗaya.
Yara sun nemi a goge, wuri ya cika.
Mansir, mai lissafin ko ashana,
ya ce a goge tasa.

Jiya da dare saƙon murya ya shigo,
ƙarar ƙarfe a bayansa, da ruwan sama na gaske:
"Na sake kallon kashi na uku.
Kada ku faɗa wa Nasiba."

Na faɗa mata.
Ta gyara mayafi, ta karɓi wayarta,
ta ce, "Ka ce masa na huɗu ya fito,
kuma ba shi da kyau ko kaɗan.
Ya yi sauri ya kalla, mu ji da wace zai zo."