Koren Ɗigo

Ƙarfe goman dare a Kuseri.
Ofis a garƙame, mai gadi na fifita gawayin shayi,
ni kuwa na jingina da katangar baya
inda intanet ɗin ƙungiya ke yoyo
kamar tulun da ya tsage a gindi.
A nan nake tarbar duniya da tafin hannu.

Labarin yau: za a yi taro kan ruwa
a wani birni da ruwa bai taɓa ɗaukewa ba.
Labarin jiya: an zaftare kuɗin tallafi,
ba a faɗi tukunyar wa za a sauke ba.
Sai guraben aiki, jere kamar bandar kifi a kasuwa:
shekara biyar ta gogewa,
Faransanci, Ingilishi, shaidu uku.
Ina da Kotokon da na sha a nono,
Larabcin Shuwa na ciniki,
Fulatancin da na tsinta a motar Marwa,
da Hausar da nake mafarki da ita.
Babu gurbin da aka bar musu a takardar.

Na buɗe taswirar rijiyoyi.
Kowane famfo ɗigo ne:
kore yana aiki, ja ya mutu.
Na bi Logon da yatsa, na gangara kudu,
har tungar gwaggona Falmata.
Ga shi nan, kore shar,
ya fi shinkafar fadama ɗanyen ganye.

Ni na san famfon nan.
Ni na ɗauki hotonsa ran buɗewa,
har na ce wa yara su matsa kusa, su yi dariya.
Tun ambaliyar bara bai ɗiga ba.
A hannunsa Yagana ke ɗaure akuyarta,
inuwarsa ma ba ta isar ɗan tsako.
Amma a Janeba, in wani ya leƙa,
mutum ɗari huɗu da sha biyu sun sha sun ƙoshi.

Akwai wajen gyara, can ƙasan shafin,
harafi ɗari biyu kawai yake ci.
Na rubuta zancen tsutsar ciki, na goge.
Na rubuta tafiyar 'yan mata zuwa kogi, na goge.
Na bar kalma uku: ba ya aiki.
Na tura, sauro na ta sa hannu a ƙafata.

Sati bakwai shiru.
Kullum dare ina duba shi
kamar mai jinya na taɓa goshi.

Su kuwa mutanen tunga ba su san da ɗigo ba.
Falmata ta yafa mayafi ta bi gida gida,
dala ashirin nan, mudun gero can,
masunta suka ba da kamun asuba guda.
Bappa Mahamat makanike ya haye gadar Ngeli,
ya yini a kasuwar Njamena yana tonon tsofaffin ƙarafa,
ya dawo da roba da sanda a ƙunshe cikin buhu.
Ran Laraba famfo ya yi tari,
ya tofar da tsatsa, ya yi kaki,
sannan ya saki ruwa mai sanyin randa.
Gwaggo ta kira ni, ba ta ce komai ba,
ta kara wayar a bakin bokiti.

A daren nan na koma katangata.
Saƙo ya shigo, da ladabi da godiya:
an karɓi rahotonka, an sabunta bayani.
Na buɗe taswira.
Ɗigon ya koma ja.

Na yi dariya har mai gadi ya hasko ni da tocila.
Ya ce, Jidda, lafiya?
Na ce lafiya lau, Baba Gwani, miƙo shayin,
ina da wata wasiƙar da zan rubuta,
kalma biyu ce wannan karon.