Gurbi

Shekara bakwai ina hawan babur ɗin Yaya Rabilu,
tun ranar rabon gado, da aka ce,
kai ne mai nisan wurin aiki, ɗauka.
Ban sake masa komai ba sai taya da fulogi.
Sit ɗin kuwa tun yana raye ya tsage,
ya ɗaure shi da roba, ni na ƙara da salatif.
In aka yi ruwa, soso ya sha ya ƙoshi,
ya yi shiru kamar mai ƙullaci,
sai na kai Gadon Ƙaya yake amayar mini a wando.

Ɗalibaina sun sa mini suna. Ba zan faɗa ba.

Ranar albashi na nufi Ƙofar Ruwa.
Ga su nan rataye kamar fatu a majema,
baƙaƙe, masu sheƙi, da jan zare a gefe.
Yaron shago ya ɗaka wa ɗaya duka:
"Malam, wannan ko katifa albarka."
Na biya, ko tayin kirki ban yi ba.

Ramin noti ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa.
Saura faɗin yatsa su gaisa, suka ƙi.
Bakanike ya huda sabo, ya ƙara da waya,
ya ce zai zauna.
Ya zauna ɗin. Ni ne ban zauna ba.

Gabansa gangare ne.
In na taka birki sai na zame na rungumi tanki,
Lubabatu ta biyo ni daga baya
ta daki kafaɗata da haɓa, ta ce da gangan ne.
In na bar shi a rana a ƙofar masallaci
na dawo na tarar da tanda, saura ƙullu.
Daga Ɗorayi zuwa Kurna ƙafar hagu ta mutu,
ƙugu na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Ramukan titin da muka saba
suka koma baƙi, kowanne da irin gaisuwarsa.

Sati uku na daure, don kuɗina.

Aka kwatanta mini Ɗanliti mai ɗinkin sit,
a wani lungu a Fagge, kusa da mai gasa masara.
Bai kalli babur ba, ni ya kalla.
Zauna a benci. Tashi. Juya.
Ina tsohon?
Na ce yana kan akurkin kaji.
Ya ce a ɗauko.

Ya feɗe shi da reza,
ya zaro soso mai warin damina goma,
ya sa tafin hannu a lotsawar tsakiya, ya daɗe.
"Wannan gurbin ba naka ba ne.
Mai shi ya fi ka faɗi,
kuma dama yake karkata in yana tuƙi."

Dama yake karkata.
Tun da ya faɗo daga mangwaron Malam Tasi'u muna yara,
ni ina ƙasa na ware riga ina jiran nawa.
Ban san ni ma na koyi karkatar ba
sai da na hau abin da bai san kowa ba.

Ɗanliti ya wasa wuƙa a gefen tebur.
"In sassaƙa maka naka, ko in mayar da nasa?"

Na kalli mai masara yana fifita garwashi.
Na ce, yanko gurbin ka dasa a tsakiya,
sauran ka yi shi daidai ni.
Ya ce ba zai yi kyan gani ba.
Na ce ba da ido nake zama ba.

Bai yi kyan ganin ba.
Ɓari ɗaya ya ɗara ɗaya tudu,
masu gadin makaranta na tambaya wa ya cuce ni.
Lubabatu dai ta daina dukan kafaɗata.
Jiya a kwanar Kabuga na ji na kwanto dama,
kaɗan, ba sosai ba,
na bar shi haka har Kurna.