Takardar Ƙosai

Kowace safiya a Nima,
kafin yaran mota su fara kiran fasinja,
Mma Lantana kan yago shafi ɗaya daga littafi
ta naɗe mini ƙosan sidi biyar.
A kilo take sayen littattafan, can Makola,
kwancen ƙasashen da ba ta san sunansu ba.

Ni kuwa ba na yar da takarda sai na karanta.
Haka na sauke littafi guda a baibai:
shafi na tamanin ran Talata, na tara ran Laraba.
Mutanen ciki kowa da sunansa, har da na kakanni,
karensu ma da suna,
ɓacin ransu kaɗai ya ci shafi goma.
Baƙin mutum ɗaya na tarar.
Ya buɗe ƙofa, ya karɓi hula, ya rusuna.
Marubucin bai raɗa masa suna ba,
man gyaɗa kuma ya cinye rabin layinsa.

Ran Asabar na je Osu,
kantin da sanyin na'ura ke sa mutum tari.
Na ce wa yarinyar kanti, ina namu?
Da haɓa ta nuna mini:
can ƙurya, kusa da ƙananan gangunan 'yan yawon buɗe ido.
Nahiya sukutum a kan katako ɗaya,
an matse su kamar motar Madina da yamma.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba,
na shafa bayansu ɗai-ɗai kamar mai gaida dangi.
Sai na shiga neman 'yan zango.
Mun fito sau biyu.
A ɗaya mu ne maigadi.
A ɗayan mu ne hayaniyar
da jarumi ya ɗaga gilashin mota don kada ya ji.

Kakana Malam Tanko, fataken goro,
da ajami yake rubuta bashi.
A gefen lissafi yakan sa baiti biyu ko uku:
yadda kwalekwale ya yi rawa da su a Yeji,
yadda ya yi kewar wata Gambo da ba kakata ba.
Shekarar da kwata ta cika ta shigo ɗaki
ruwa ya karance akwatin kaf.
Wa zai ƙirga shi cikin marubuta?
Ko mu jikokinsa, mai goro muke ce masa.

Yau mai ya jiƙa shafin sharkaf,
takarda ta zama kamar gilashi.
Na ɗaga ta sama, kalmomin suka dushe,
sai ga Mma Lantana ta cikinsu:
tabon ƙuna a wuyan hannu,
tana ba da canji da harshe huɗu,
tana zagin murhu da na biyar.

Ta ce, me kake kallo?
Na ce, karatu nake.
Ta ce, to matsa, kana tare mini ciniki.

Da dare na sayi littafin rubutu mai layi.
Sunanta na fara sawa, cikakke, har da na ubanta.
Da na gaya mata, ko ɗagowa ba ta yi ba,
tana juya ƙosai ta ce:
ka sa shafin da yawa, kuma takardar ta yi kauri.
In bai sayu ba, kawo,
a kilo nake saye.